Ta'aziyyar da Na Yi ta Waya

Ku ɗan ajiye wayoyin nan, ba guduwa za su yi ba. Tun da aka turo ku ofishin nan nake jin kuna cewa aikin sa ido kan cututtuka ba wani aiki ba ne, wai ranar Litinin mutum ya latsa "babu, babu, babu" ya tura, ya tafi cin waina. Jiya ma na ji ɗayanku yana cewa Malam Lawal ya tsufa yana yawon gaishe-gaishe a ƙauyuka da sunan aiki. Zan ce ban ji haushi ba, amma ƙarya ce, na ji. Wata biyu ya rage mini in ajiye aiki, don haka bari in faɗa muku abin da na sani, wanda ya ga dama ya ɗauka.

Aikin nan abu guda ne tak: labarin cuta ya riske ka kafin a fara haƙa kabari. In ya riske ka bayan an haƙa, sunanka magatakardan mutuwa, ba ma'aikacin lafiya ba.

Wanda ya koya mini aiki sunansa Oga Sande. Ɗan Yarbawa 'yan kasuwa ne, amma haifaffen Funtua, Hausar bakinsa ta fi tawa daɗi. Ranar farko ya goya ni a babur zuwa wani gida a bayan Malumfashi, inda ƙafar wata yarinya ta saki ba ta takuwa, abin da ake kira shan inna. Ya miƙo mini kwalba biyu masu murfi da ɗan cokalin roba ya ce, "Zauna nan sai ta yi bayan gida." Na ce, "Oga, me?" Ya ce, "Ka ji ni sarai." Daga hantsi har la'asar ina zaune a zaure, ina jiran kashin 'yar shekara uku kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Washegari kuma na koma na ɗebi na biyu, don ƙa'ida ita ce sau biyu, da kwana guda a tsakani. A saka a akwatin sanyi, a jera ƙanƙara gefe huɗu, a rufe, kada a buɗe. In ƙanƙara ta narke a hanya, wahalarka ta tashi a banza, sai ka sake sabon zama. Kafin wata ya zagayo har ƙannen matata suna ce mini Lawal mai kwasar kashi.

Kwalbar nan kuwa tafiya take yi mai nisa. Mota ta kai ta ɗakin gwaji can kudu, in an ga wani abu a ɗebi kaɗan a sa a jirgi zuwa ƙasar waje, su kuma can su duba su ce ƙwayar nan 'yar'uwar wadda aka gani a gari kaza ce, ta hanya kaza ta biyo. Kashin 'yar ƙauye ya hau jirgin da ni har yau ban hau ba. Akwatin, da firjin mai aiki da hasken rana, da babur, da motar kai samfuri, duk ƙungiyoyin lafiya na ƙasashen waje ne suka kawo, suna aiki tare da namu. Na taɓa tambayar Oga Sande me suke ci a ciki. Ya ce, "In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Cutar da ta kwana a Gozaki tana iya yini a garinsu, tunda jirgi bai san ta ba." Na yarda da wannan har gobe, kuma ban ga aibu a ciki ba.

Babban abin da ya koya mini dai ba ya cikin akwati. Ya ce cuta ba ta fara zuwa asibiti. Tana fara zuwa wurin kaka, daga nan mai kemis, daga nan wanzami ko mai ɗori ko ungozoma, asibiti sai an ga abin ya gagara. To in kana zaune kana jiran rajistar asibiti, kai ne na ƙarshen ji. Saboda haka kowane wata sai mun zagaya waɗannan mutane ɗaya bayan ɗaya. Ba ka shiga da takarda a hannu. Ka cire takalmi, ka zauna inda aka nuna maka, ka tambayi iyali da damina da dabbobi, in an kawo fura ka sha ko da ka ƙoshi. Sai za ka tashi ne za ka ce, "Af, Baba, ba wani yaro da aka kawo maka?" Suna, ka je. Biki, ka je. Mutuwa kuwa ko da rarrafe. Oga Sande yakan ce zumunta a ƙafa take, aikinmu ma a ƙafa yake.

A cikin duk waɗanda na gada daga hannunsa, babu kamar Baba Ɗahiru, Sarkin Askar Gidan Ɗorawa, wani ƙauye da ke can bayan Tsiga. Dogon tsoho ne marar yawan magana, kullum da zabirarsa ta fata a kafaɗa, cike da asake da ƙahoni. Duk yaron da maƙogwaronsa ya yi ciwo a ƙauyukan nan, wurinsa ake kai shi a cire masa hakin wuya. Ke nan babu wanda ke leƙa bakin yara kamarsa, har da mu masu takardar shaida. Likita yake ce mini, kamar yadda mutanen ƙauye ke ce wa duk mai ɗauke da akwatin sanyi. Na gaji da gyara masa na bari.

Akwai ranar da na kai masa wata baƙuwa, likita ce daga gabashin Afirka da ɗaya daga cikin ƙungiyoyin nan ta turo mana. Sunanta ya gagari bakinmu, muka sa mata Dakta Alheri. Na yi zaton za ta shiga yi masa faɗa a kan yanka maƙogwaron yara, har na shirya yadda zan karkatar da maganar wajen fassara. Ina! Matar nan ta cire takalmi ta durƙusa, ta roƙe shi ya nuna mata kayan aikinsa ɗaya-ɗaya. Sai da ya saki jiki, sannan ta ciro wani kati mai hoton maƙogwaro. Ta nuna masa wata farar yana da ta manne can ciki, kamar yanar da ke kwanciya a kan kunu in ya huce, ga wuyan yaron ya kumbura. Ta ce wannan shi ne mashaƙo, dafinsa har zuciya yake kaiwa, kuma yana bin yara gida-gida. Ta ce, "Baba, abu ɗaya nake roƙo. In ka ga wannan, kada ka yanka. Ka rufe zabira ka kira Malam Lawal." Ya daɗe yana kallon katin, sannan ya ninke shi ya sa a zabira, ya ce, "Na ji."

Ya kuwa ji. Shekara ta zagayo, wata safiya ina karyawa sai ga wayarsa. Ya ce, "Likita, na ga farin abin nan a bakin ɗan maƙeri." Kafin azahar ina can. Na haska tocila na gani, na goga tsinken auduga a maƙogwaron na rufe a kwalba, na buga waya Katsina. Washegari maganin karya dafin ya iso, wanda daga waje ake kawo shi, ba a sayar da shi a kemis. Muka bai wa duk wanda ya kusanci yaron ƙwayoyi, muka yi wa yaran unguwar allurar rigakafi. Yaron ya tashi, ba wanda ya sake kamuwa. Ba ku taɓa jin labarin ba, ko? Haka aikinmu yake, in ya yi kyau ba wanda ke jin komai.

To sai shekarar da aka janye tallafi.

A rediyo muka fara ji, wai ƙasashen can sun ce su ma suna da nasu matsalolin. Ba rana ɗaya abin ya tsaya ba. Man babur ya fara yankewa. Motar kai samfuri ta koma zuwa jefi-jefi, daga baya ta daina. Batirin firji ya mutu, wanda ke zuwa gyarawa an sallame shi. Masu iya magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara, mu kuwa mun yi shekara da shekaru muna ado da shi, ba wanda ya ce a ɗinka namu. Wannan laifinmu ne, ba na baƙi ba, kuma in na tuna raina ɓaci yake. Dakta Alheri ta zo sallama, ta riƙe ƙofar mota ta ce mini, "Kaya za su lalace, Malam Lawal. Ka riƙe mutanenka." Na ce mata in sha Allahu.

Kafin su nannaɗe tabarmarsu, sun shirya mana horo na mako guda a Katsina, don su damƙa mana aikin. A nan aka koya mana wannan tura rahoto ta waya da kuke taƙama da shi. Cikin damina ne. Ranar ta uku muna zaune a ɗaki mai sanyi ana nuna mana inda ake latsawa, sai ga wayar mai unguwar Gidan Ɗorawa. Ya ce Haruna, babban ɗan Baba Ɗahiru, maciji ya sare shi a gonar masara, an yi jana'izarsa da safe. Haruna shi ke noma gidan, shi ke ciyar da tsohon. Na sha cin tuwo da shi a kwano ɗaya.

Ku saurara nan, don nan ne na yi kuskuren da ya fi kowanne a rayuwar aikina. Abin da ya kamata in yi shi ne in tashi in nemi izini, in hau mota, in kwana a tabarmar makoki. Amma na ce a raina horon nan shi ne na ƙarshe, in na tafi wa zai koya mini? Sai na fita baranda na buga wa tsohon waya. Na yi masa ta'aziyyar ɗansa ta waya, ina tsaye da takalmi a ƙafata, ana kiran mu shan shayi. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Ba komai, Likita. Allah ya ba da lada." Na ce ina nan zuwa sadakar uku.

Uku ta wuce ina Katsina. Bakwai ta zo ruwa ya cinye hanya. Kafin arba'in 'yan bindiga suka tare hanyar nan suka kwashi mutane, kowa ya ce kada in kuskura. Duk gaskiya ne, ba ƙarya ko ɗaya. Amma hanya ta buɗe daga baya, kuma ko ba man ofis, ina da ƙafa, akwai motar kasuwa. Abin da ya hana ni kunya ce. Kullum kwana ya ƙaru, sai fuskar da zan kai masa ta ƙara nauyi. In ce gobe, gobe ta zo in ce jibi. Ina nan ina latsa "babu" duk Litinin, don ƙaramin asibitin yankin "babu" yake turo mini, ni kuma in ga allon ya yi kore in ce alhamdu lillahi.

Ba waya ce ta gaya mini ba. Maƙwabciyata ce a Funtua, Maman Bose, mai sayar da yadi da ke bin kasuwannin ƙauye. Lokacin kaka ne, ana ta sauke buhunan masara. Na fito da safe ta tare ni a ƙofar gida ta ce, "Likita, lafiya kuwa a bayan Tsiga? Mutanen Gidan Ɗorawa zuwansu uku ke nan wurina sayen farin yadi, kuma duk ɗan guntu suke cewa in yanka." Likkafanin yara ke nan. Na koma ciki na ɗauki tocila da tsinken auduga da akwati, na sayi ƙanƙara wurin mai sayar da ruwan sanyi, na zuba mai da kaina na kama hanya.

Na same shi a zaure yana wasa aska. Ya rame. Tambaya ce ta kawo ni, amma ba yadda za a yi in buɗe baki da ita. Mutum yana bina bashin gaisuwar ɗansa wata huɗu. Na cire takalmi na zauna a ƙasa, na ɗaga hannu muka yi wa Haruna addu'a, na ce ya haƙuri. Ya ce haƙuri sai ma'aiki. Ya tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya, kamar jiya muka rabu. Sai da aka kawo ruwa na sha, sannan na kawo maganar.

Na ce, "Baba, ka ga farin abin nan?"

Ya ce, "Na gani. Tun dawa ba ta nuna ba."

"Ka yanka?"

"Ban yanka ba. Na rufe zabirata kamar yadda baƙuwar nan ta ce. Na ce su tafi asibiti. Sai suka zagaye ni suka kai wa wani wanzami a kasuwa, shi ya yanka. Yaron bai kwana uku ba. Daga nan cutar ta shiga gidan Malam Isa, ta ɗauki biyu."

Na ce, "Haba Baba! Haba Sarkin Aska! Don me ba ka kira ni ba?"

Na yi tsammanin zai ce fushi ya yi da ni. Da ma hakan ya ce, da ya fi mini sauƙi. Sai ya ajiye askar ya dube ni ya ce, "Likita, na ga ba ka zo mutuwar Haruna ba. Na san halinka, kai ba mai ƙin zuwa ba ne. Sai na ce lallai abin da muke ji a rediyo gaskiya ne, aikin ya mutu, an karɓe babur, ba ka da yadda za ka yi. To in na kira ka kuma ka kasa zuwa fa? Na ba ka kunya ke nan. Ba a tambayar mutum abin da ba shi da shi."

Kun ji fa. Ni kunyarsa ta hana ni zuwa, shi kuma kara ya yi mini bai kira ba, mashaƙo ya samu hanya tsakaninmu ya wuce. Babu manhajar da za ta nuna muku wannan a waya.

Sai ya miƙe ya ce in biyo shi cikin gida. Tun daga tsakar gida na ji numfashin, yana fita da ƙara kamar ana jan zarto a ɗanyen itace. Zulai ce, 'yar marigayi Haruna, shekararta shida. Tana kwance a cinyar uwarta, wuyanta ya kumbura ya haɗe da haɓa. Na durƙusa na ce, "Zulai, buɗe wa Likita baki." Ta buɗe. Ban ma buƙaci tocila sosai ba. Na goga audugar na rufe a kwalba.

Na goya su ita da uwar a babur har titi, muka samu mota zuwa asibiti a Funtua. Ma'aikatan can sun yi iya ƙoƙarinsu, ban ga laifin kowa ba. Sun keɓe ta, sun yi mata allurai. Amma allura ƙwayar cuta take kashewa, dafin da ya riga ya shiga jini sai maganin karya dafi. Na fita na buga wa wanda ke riƙe da ma'ajiyar magani a Katsina, abokina ne tun muna samari. Ya ce, "Lawal, ina ka shige? Da makon da ya fara ne ka kira, da akwai ragowar abin da baƙin suka bari. An rarraba wa waɗanda suka fara kawo rahoto. Naku kullum babu yake cewa." Na ce yaushe wani zai zo. Ya ce, "Wa zai kawo?"

Samfurin kuwa direban motar haya na roƙa ya tafi da shi, na ƙara ƙanƙara na ɗaure akwatin da igiya. Ko ya isa da sanyinsa ko bai isa ba, Allah masani, sakamako dai har yau bai dawo ba. Muka koma ƙauyen da abin da ya samu, muka raba ƙwayoyi, muka yi rigakafi gida-gida. Cutar ta lafa, amma sai da ta ci abin da za ta ci.

Ba zan yaudare ku ba, ban ga alamar gyara ba. Oga Sande ya rasu. Masu ɗorin da ungozomomin da ya damƙa mini rabi sun bi shi, waɗanda suka gaje su ba su san mu ba, mu ma ba mu san su ba. A cikinku wa zai faɗa mini sunan wanzami ɗaya a bayan Tsiga? Kun gani, kowa ya sunkuyar da kai. Ba laifinku ba ne kaɗai, ba a ba ku mai ba, ba a ba ku babur ba, waya aka ba ku. Ko gobe baƙin suka dawo da sababbin akwatuna, za su tarar babu kunnen da za a ji da shi. Ina tsoron abin da ke zuwa, kuma ba zan kasance a kujerar nan ba in ya zo.

Zulai ta cika a kwana na uku, da hantsi, ina tsaye a bakin ɗakin. Ni na samo motar da ta kai ta gida, a gaba na zauna. Da ni aka yi mata salla, da ni aka kai ta. Da muka dawo na cire takalmi na zauna a tabarma kusa da tsohon, ban tashi ba har kwana uku. Mutane suna shigowa suna gaisuwa suna fita, shi yana amsawa a hankali.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa fatiha jama'a sun watse, na durƙusa in yi masa sallama. Ya kama hannuna da hannayensa biyu ya riƙe. Wallahi godiya yake yi mini, babu gori ko kaɗan a muryarsa. Ya ce, "Likita, Allah ya ba da lada. Wannan karon ka zo da wuri."